Siket ɗin ragowar zare: gida-gida ko layi-layi?

Duk macen da ta jima tana saƙar kwarashi tana da wata jaka da take jefa ragowar zare a ciki. Hular jariri ta bar rabin dunƙule, safa ta bar ɗan guntu, rigar sanyin da aka aika Arewa lokacin hunturu ta bar kala uku. Babu ɗayansu da zai isa sabon aiki, zubarwa kuma asara ce, balle yadda zare ya yi tsada a Legas. Daga nan tunanin siket mai launuka yake zuwa, kuma hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ki saƙa ƙananan murabba'an nan da ake kira girani sukwaya ki harhaɗa su gida-gida, ko ki ɗauki saƙar 'yan uku-uku ɗin da ake yin su da ita, wato dogayen saƙa uku a rami ɗaya, ki yi ta zagayawa tun daga kunkumi har ƙasa, launi na bin launi, layi-layi. A hoton waya duka biyun suna ɗaukar ido. A hannu da kuma a jiki ne bambancinsu yake fitowa, kuma abin da ke cikin jakarki shi ne zai fi yanke hukunci, fiye da hoton da ya burge ki.

Saboda haka kafin komai, zazzage jakar a kan tabarma da rana, ki ware zaren. Yawancin ragowar kayan jarirai akirilik ne, wato zaren roba irin su Yeye, ko da a baki ulu muke ce masa. Wanda takardarsa ta ɓace, ki yanki ɗan guntu ki riƙe da almakashi ki kusanta shi da ashana a kan faranti, nesa da yara. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik yana narkewa ya dunƙule baƙi ƙirin, ya yi tauri. Ulu na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi. Ki raba su kashi-kashi, don auduga da akirilik ba sa tafiya daidai a wanki: ɗaya tana shan ruwa ta yi nauyi, wani lokaci ta ɗan tsuke, ɗayan kuma ko a jikinsa. Siket ɗin da aka cakuɗa su babu lissafi yakan karkace bayan wanki biyu ko uku. Jar auduga da shuɗiya mai duhu ki jiƙa guntunsu a ruwan sabulu mai ɗumi tare da farin ƙyalle, in sun zuba ki fitar da su daga aikin gaba ɗaya.

Yanzu ga lissafin da ya raba hanyoyin biyu. Gida ɗaya mai zagaye huɗu yana da dogayen saƙa 12 a zagayen farko, 24 a na biyu, 36 a na uku, 48 a na huɗu, jimilla 120. Da matsakaicin zare da kwarashi mai milimita 4, faɗinsa yakan kai kusan santimita 10. Zagayen farko bai cika cin zaren da ya kai mita 2 ba. Ma'ana ɗan guntun nan da kike ganin bai isa komai ba zai iya zama tsakiyar gida, ya fito da kalarsa ras. Mai layi-layi kuwa ba ta san wannan ba. In kwankwasonki santimita 100 ne, siket ɗin zai buƙaci kusan 110 don ya sake, kuma zagaye ɗaya kacal a wannan faɗin yana ɗaukar 'yan uku-uku 45 ko fiye, wato dogayen saƙa sama da 130. Layi ɗaya tal ya fi gida guda sukutum cin zare. In zaren ya ƙare a tsakiyar layi, sai ki ƙulla wata kala, kuma canjin zai faɗo inda ya ga dama, wataƙila a tsakiyar cinya. Akwai masu son wannan hargitsin, ni dai a siket ɗin babba ba ya yi mini kyau.

To, in jakarki guntaye ce zalla, kala goma sha, kowane bai fi ƙwallon lemun tsami ba, gida-gida ce ta dace da ke, babu ja. In kuwa abin da ya rage miki rabin dunƙule ne da kwata, kala huɗu ko biyar masu yawa, layi-layi za ta cinye su cikin sauƙi ba tare da kin yayyanka su ba.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mai farawa ba. Abin da ke haɗa kan launukan gida-gida har su zama tufa ɗaya shi ne zagayen ƙarshe a yi shi da kala guda a kowane gida, baƙi ko madara ko ruwan ƙasa. Wannan zagayen shi ne 48 cikin 120, kashi 40 cikin 100 na duk saƙar, ban da zaren haɗi da na kunkumi. Da wuya ki samu wannan yawan a cikin ragowa, dole ki shiga kasuwa. In kin je wurin masu kayan ɗinki a Oshodi ko Balogun, ki sayi abin da zai ishe ki a lokaci ɗaya, ki duba lambar rinin da ke jikin takarda in akwai, domin baƙin yau da baƙin wata mai zuwa sukan bambanta, kuma ranar Legas ba ta rufa wa tufa asiri. In kina son rage sayen, ki yi gidaje masu zagaye biyar, sai rabon kalar haɗin ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Yadda za ki san yawan da za ki saya ba wuya: ki saƙa gida ɗaya, ki ɗora a ƙaramin sikelin kicin, ki ninka da yawan gidajen. Dogon siket na babbar mace yakan haura rabin kilo. Layi-layi ba ta tilasta miki wannan sayen, in launukan da kike da su sun dace da juna za ki iya gamawa ba ki kashe ko kwabo a zare ba.

Kaurin zare ma abin dubawa ne. Ragowa ba ta taɓa zuwa bai ɗaya, wani siriri, wani kakkaura. A gida-gida kina da dabara: siririn ki ninka shi biyu, ko ki ƙara masa zagaye, kakkauran ki ajiye shi a tsakiya inda ba zai ja gefe ba, sannan zagayen ƙarshe ya daidaita su duka. Ki yanki kwali mai santimita 10 ki riƙa aza kowane gida a kai. A layi-layi babu wurin ɓuya. Siririn zare tsakanin kaurara biyu yana shaƙe siket ɗin a wannan layin, kakkaura kuma ya yi tudu ya zagaye jiki, kuma in ya faɗo a kan kwankwaso kowa zai gani.

Inda gida-gida take karɓar hakkinta a wurinki shi ne bakin zare. Kowace kala da kika shigar tana barin baki biyu, na farawa da na gamawa. Gida mai kala huɗu baki 8 ke nan. Siket mai tsawon santimita 90 da faɗin 110 gidaje 11 ne a zagaye, jeri 9, jimilla 99. Ki ninka da 8, kin samu baki 792 da za ki bi da allura ɗaya bayan ɗaya ki cusa cikin saƙa. Aiki ne kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, ba wahalar ƙarfi ba, amma ba ya ƙarewa da wuri, kuma in kin tsallake ɗaya sai ya nuna kansa. A nan ne siket da yawa suke tsayawa, gidaje sun cika leda, mai su ta gaji. Maganin shi ne kada ki tara: gida ya ƙare, ki cusa bakinsa kafin ki ɗauki wani. Kuma kada ki yarda da ƙulli ki yanke a gindinsa, akirilik yana da santsi, zama da tashi kawai sun isa su kwance shi. Ki bar bakin ya kai tsawon tafin hannu, ki bi da shi gaba, ki dawo da shi baya. Mai layi-layi a wannan tsawon za ta yi zagaye kusan 70. In tana canza kala kowane zagaye, baki 140 ne, in bayan zagaye biyu-biyu ne, 70. Tazarar ba kaɗan ba ce, kuma ga mai yara ƙanana ko mai zaman shago wannan kaɗai ya isa dalili.

Batun zama a jiki shi ne na fi so a tsaya a kai, don nan ne ake raba siket ɗin da za a riƙa sawa da wanda zai kwanta a akwati. Murabba'i ba shi da lanƙwasa, jikin mace kuwa yana da ita. In kin jera gidaje 11 iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, bututu kika yi. A kwankwaso zai zauna daidai, a kunkumi mai santimita 80 za ki samu rarar 30 da dole ta tattare, kuma saƙar kwarashi in ta tattare kauri take yi, ta ƙara miki ciki. A ƙasa kuma matsala ta juye: faɗin 110 a idon sawu bai isa taku ba. Ki tuna hawa danfo, ko matakalar gadar masu tafiya a ƙafa a Oshodi, ko tsallake kwata bayan ruwan sama a Agege. Ki tuna zaman tahiya ma. Ana gyara wannan ta hanyoyi kaɗan. Mafi sauƙi ita ce canza kwarashi: jerin sama da mai milimita 3.5, na tsakiya da 4, na ƙasa da 4.5 ko 5. In kowane gida ya ƙaru da santimita 1, jerin ya ƙaru da 11. Wasu suna cusa gidaje masu kusurwa uku a gefe don ƙasan ya buɗe, wasu suna jera gidajen a karkace, kusurwa na kallon ƙasa, wanda ke ba saƙar damar miƙewa ta bi jiki, bakin siket ɗin kuma ya fito da tsini-tsini. Duka suna aiki, amma suna son lissafi tun kafin a fara, kuma ba za ki san ko kin dace ba sai kin haɗa jeri biyu ko uku kin gwada.

Layi-layi a nan ta yi wa gida-gida nisa. Kina farawa daga kunkumi da awonki na gaskiya, kina sauka kina ƙarawa. Ƙarin ba komai ba ne illa ki sa 'yan uku-uku biyu a rami ɗaya, a wurare huɗu ko shida da kika raba daidai, bayan kowane 'yan layuka. Duk lokacin da kika so sai ki zura ki tsaya gaban madubi. Ya matse, ki warware layi biyu ki ƙara. Kina son ya buɗe sosai daga gwiwa, ki yawaita ƙarin. Abu biyu kawai za ki kiyaye. Wurin da zagaye ke haɗuwa yana barin ɗan alama, ki ajiye shi a baya ko a gefe. Sannan in kina zagayawa ta fuska ɗaya kullum, saƙar takan ɗan karkata, sai ki riƙa juya aikin bayan kowane zagaye.

Amma sakin jikin da ya sa layi-layi take zuba da kyau shi ne kuma rauninta. Babu abin da ke riƙe ta daga sama zuwa ƙasa, nauyinta na jan ta. Siket ɗin da kika gama a idon sawu zai iya zama yana sharar ƙasa bayan wata ɗaya, musamman na auduga, kuma a titin Legas da damina kin san abin da bakin tufa yake kwasa. Don haka ki tsaya tun tsawon bai kai ba da kamar santimita 5, ki rataye shi kwana ɗaya ko biyu, ki sake awo, sannan ki yi bakin. Gida-gida ba ta cika miƙewa haka ba, layukan haɗin nan suna riƙe ta ta kowace fuska. Ta fi tsayuwa, ta fi tauri, ba ta rawa a jiki yadda ɗayar take yi.

Zafi kuwa, gaskiya ɗaya ce: babu ɗayansu da za ki ji daɗinsa da tsakar ranar Fabrairu ko Maris in akirilik ne. Roba ba ta shan gumi, iskar Legas kuma a jiƙe take. Auduga ta fi sanyi a fata, sai dai ta fi nauyi, kuma a watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, za ta iya kwana biyu a shanya ba ta bushe ba har ta fara wari. Akirilik yana bushewa da wuri. Tunda ragowar yawancinmu shi ne, ki ɗauki siket ɗin a matsayin na yamma, na ranar da gari ya yi luf bayan ruwa, na ɗan hunturun Disamba da Janairu, ko na tafiya gida Arewa. Ki saƙa shi sakwa-sakwa don iska ta ratsa. Kuma ko wanne kika zaɓa, ramukan suna nan, dole a sa shafi. Kada tela ya sa miki shafin roba mai sheƙi, roba kan roba a garin nan azaba ce. Ki nemi yadin auduga marar nauyi, kalar zaren haɗin. Ni na fi son shafin ya zama ɗan siket ne daban da za a cire a wanke shi kaɗai, domin shi ne yake shan gumin, saƙar ba ta buƙatar wanki kullum. Ramukan kusurwar gida-gida sun fi na layi-layi girma, musamman inda gidaje huɗu suka haɗu, saboda haka ita ta fi buƙatar shafi mai duhu.

A ina za ki yi saƙar? Wannan tambaya ce ta gaske ga mazauna Legas, inda rabin yini yake tafiya a hanya. Gida ɗaya da guntayen zarensa da kwarashi suna shiga ƙaramar jakar hannu. Mai shiga jirgin ƙasa daga Agege zuwa Yaba ko Oyingbo, mai zama a cunkoson Mile 12, mai jiran layin asibiti, mai jiran yara su taso daga Islamiyya, duk za ta iya dawowa gida da gida biyu ko uku. Layi-layi a farkonta haka take, amma da ta wuce gwiwa ta zama kaya. Sai an zauna a gida an baza ta a cinya, ga zafinta, ga shi an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Ɗan abin lura a nan: baƙin zare ba ya ganuwa a hasken fitilar caji. In baƙi kika zaɓa na haɗi, ki yi tsakiyar gidajen da dare, ki bar zagayen ƙarshe sai da rana, don ido ba abin wasa ba ne.

Haɗa gidajen iri biyu ne. Akwai haɗawa da kwarashi a lokacin da kike zagayen ƙarshe, yana da sauri, ba ya ƙara bakin zare, amma yana barin ramuka, kuma in kin ga ja ya zauna kusa da ja sai kin warware. Akwai ɗinki da allura bayan kin shimfiɗa duka a ƙasa kin jera yadda kike so, ya fi jinkiri amma ya fi ƙarfi. Jerin da za a zauna a kai ki ɗinke da allura, na ƙasa ki haɗa da kwarashi. Kafin haɗin ki daidaita gidajen: na auduga ki jiƙa ki kafe da fil a kan tawul har su bushe, na akirilik ki ba su tururin dutsen guga daga sama. Kada dutsen ya taɓa su, narkewa suke yi, kuma babu gyara.

In ƙusar kujerar danfo ta kama siket ɗin, mai gida-gida ta cire gidan da ya lalace ta saka sabo, ko kalar ba ɗaya ba babu mai ganewa. Mai layi-layi sai ta yi ta lallaɓa layin da allura, kuma tabon yakan nuna. A gefe guda, in na yarinya ne mai girma, layi-layi ba ta da na biyu: bana ta kai gwiwa, baɗi ki warware bakin ki ƙara layi shida da duk zaren da ya samu. Nauyin ma ba ya jan ƙaramin siket, kuma zagayen yarinya gajere ne, guntayenki za su iya cika layi.

Ga babbar mace mai son dogon siket, abin da nake ba da shawara shi ne a raba aikin tsakaninsu. Daga kunkumi zuwa gwiwa ki yi layi-layi da kalolin da kike da su da yawa, inda ake buƙatar bin jiki da rashin kauri. Daga gwiwa zuwa ƙasa ki sa jeri biyu ko uku na gidaje, inda faɗi ya riga ya buɗe kuma babu lanƙwasa. In ƙasan ya kai santimita 140, gidaje 14 ne a jeri, jeri biyu 28, baki 224 maimakon 792. Ƙananan guntayenki sun samu wurin zama a inda ido ya fi sauka in kina tafiya da hijabi, tunda saman a rufe yake. Ki fara da gidajen, ki haɗa su zobe, ki auna faɗinsa, sannan ki saƙo saman har ya kai wannan faɗin, ya fi sauƙi a kan ki tilasta wa gidaje su bi awon da aka riga aka gama. Gida-gida zalla ki bar ta ga mai guntaye kaɗai da kuma haƙurin allura, ko ga siket mai tsayawa a ƙwauri.

Kunkumin kuwa, tunda nauyin duka a kansa yake, kada ki dogara da roba kaɗai. Ki saƙa ƙubaka da gajeriyar saƙa mai matsewa da ƙaramin kwarashi, ki zura faffaɗar roba mai kamar santimita 3, sannan ki ƙara zariya ta ciki. Bayan wanki ki matse shi a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki shanya a kwance a inuwa. A ninke za ki ajiye shi, ba a rataye ba, kuma in damina ta yi nisa ki riƙa fito da shi yana shan iska.